Maɓalli Biyu a Dadin Kowa

Gidado ya fito daga ruwa da la'asar,
leɓɓansa sun yi toka, yatsunsa sun tattare
kamar kauɗar tumatir.
Mita goma sha takwas a gindin madatsa,
minti talatin da ɗaya yana lalube cikin laka,
yana janye kututturen da ya toshe ƙofar ruwa.
Na miƙa masa wayar. Manhajata ce, aikin wata huɗu,
ina ji da ita kamar mai sabon haƙorin Makka.

Ya rubuta zurfi. Ya rubuta lokaci.
Ya rubuta iskar da ta rage a tulu.
Sai ɗigo ya gangaro daga gemunsa ya faɗa kan gilashi,
babban yatsa ya sulluɓe kamar tarwaɗa.
Ga Adana, ga Goge, kafaɗa da kafaɗa,
launi ɗaya, tsayi ɗaya, kamar masu anko.
Nutso ukun ranar suka tafi.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya ce, "Hajjo, yanzu wa zai gaya mini
ko jinina ya huce,
in koma gobe da hantsi, ko in jira jibi?"
Can nesa dorina ta yi hamma ta nutse.
Ni kuwa na rasa inda zan nutse.

Daren nan a Tudun Wada ban runtsa ba.
Janareton maƙwabta na tari, ina zane a bayan rasit.
Na ɗauki Adana na ba shi faɗin tafin hannu,
na yi masa kore, na zaunar da shi ƙasa,
daidai inda yatsan gajiyayye ke faɗawa da kansa.
Na koya masa magana:
in an taɓa shi ya ce, "An adana, huɗu da kwata,"
kada ya yi shiru kamar mai riƙe da bashi.
Goge kuwa na kore shi bayan gida,
sai an buɗe ƙofa biyu kafin a gan shi,
abin da ya ɗauka ma ba ya ƙonawa,
kwando yake sakawa, ya jira mai shi.

Saura na ukun, mai mayar da hannun agogo.
Sunansa ya gagare ni.
Fasa? Ai an riga an yi.
Koma baya? Sai ka ce kwandasta a tashar Dukku.
Inna na gefe da hula a gwiwa, allura a baki.
Ta kuskure layi guda, ba ta ce uffan ba,
ta sa tsinin allura ta zare zaren,
ɗinki ɗaya, ɗinki biyu, ta tsaya inda daidai ya tsaya.
Na ce, "Inna, me kika yi yanzu?"
Ta ce, "Warwarewa. Ke dai ba kya barci ne?"

Warware.
Taki ɗaya a taɓi ɗaya,
kuma ya faɗi abin da ya warware, da suna.

Ranar Laraba na koma da sabuwar.
Gidado ya tsoma hannu a bokiti da gangan,
ya danna, ya ɓata, ya warware, ya adana,
sau bakwai, yana dariya,
yaran kwalekwale na leƙe ta kafaɗarsa.
Sai dariyar ta janye kamar ruwan rani.
Ya dubi wajen da igiyar ƙaninsa Bappayo
ta taɓa dawowa ba nauyi.

Ya ce, "A ƙasa babu wannan."
Na ce, "Babu."
Ya goge gilashin da gefen riga,
ya rubuta zurfin yau,
ya danna koren a hankali.